A Tambayi Mutanen Fadama Kafin A Gina Musu Asibiti

 A wannan mako za mu duba wani al'amari wanda ya shafi rayukan talakawa kai tsaye, watau yadda hukuma take tsara ayyukan lafiya da na taimakon gajiyayyu a karkara, da kuma irin bakin da ake ba mutanen karkarar su sa a cikin wannan tsari. Na zaɓi in yi misali da Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta ƙasar Haɗeja, domin wuri ne wanda duk mai zana masa tsari daga ofis, bai tambayi mazauninsa ba, to ruwa ne zai warware masa lissafi.

Wanda bai san ƙasar ba yana bukatar ɗan bayani. Kogin Kano da kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Idan ya gangaro ƙasar Haɗeja sai ya tarar da shimfiɗaɗɗen fili, ya rasa gangare, ya rarrabu rassa rassa: ga kogin Kafin Hausa, ga Burum Gana, ga hanyar Marma wadda take kai ruwa tafkin Nguru. Can gaba kuma ruwan ya sadu da na Jama'are ya nufi Gashuwa. Baturiya tana cikin wannan fadama, da dajinta na goruba da tafkunanta, inda tsuntsaye suke zuwa daga ƙasashen Turai su yi hunturu. A 2008 aka sanya wannan daji cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma faɗinsa ya haura hekta 100,000. Mazauna yankin Hausawa ne da Mangawa da Badawa da Fulani, abincinsu kuwa noman shinkafa da noman rani, da su, da kiwo, da saƙar kaba.

Ruwan da yake ciyar da su shi ne kuma yake jawo musu yawancin cututtukansu. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kogi ya kawo, sauro yakan yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara, kuma daidai wannan lokaci ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Yaron da yake wuni cikin tafki yana kamun kifi yana iya kamuwa da tsargiya, har ma a wasu ƙauyuka an ɗauki fitsarin jini kamar wani abu ne da kowane ɗa namiji zai yi, alhali cuta ce mai magani. Idan ambaliya ta shiga rijiya ta haɗa ta da masai, sai amai da gudawa su biyo baya. Abin da ya fi waɗannan duka tsanani shi ne hanya. Ƙauyen da babur yake kaiwa gare shi cikin ɗan lokaci a watan Maris, a watan Satumba sai da kwale-kwale, ko kuma a yi dogon zagaye. An gani a ambaliyar 2020, an sake gani a ta 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja, mutane suka koma kwana a makarantu da bakin titi.

To, mai karatu, wa ya san wace tunga ce ruwa yake yankewa, da makon da yake yanke ta, da tudun da bai taɓa nutsewa ba tun zamanin kakanni? Injiniya yana da taswira, amma taswira ba ta nuna inda jaki yake maƙalewa. Wannan ilmi yana wurin bulama, da sarkin ruwa, da mai tuƙa jirgi, da tsohuwar ungozoma wadda ta san gidajen da aka rasa mata wajen haihuwa. Ɗakin shan magani da aka gina a wurin da ya fi kusa a takarda yana iya zama mafi nisa da damina, kuma damina ce lokacin da aka fi bukatarsa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lissafa shi cikin sha'anin lafiya ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, dukansu a cikin Jihar Kano. Tun daga nan tafiyar kogin ta sauya. Da can yakan cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta sha iska. Da aka koma sakin ruwa shekara duka, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani yanki ya zauna cikin ruwa kullum, wani kuma ya bushe. Ruwan da ya kwanta cikin kacala gidan sauro ne da dodon koɗin da yake ɗauke da tsargiya, ita kanta ciyawar kuma maɓoyar tsuntsun jan-baki ce mai cinye shinkafa. Ashe ke nan ranar da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta buɗe ƙofar madatsa ta yanke hukunci a kan lafiyar yaron Baturiya, ko ta sani ko ba ta sani ba. Duk shawarar da za a yi da mutanen fadama a kan asibiti, ba a haɗa da maganar ruwa ba, rabin shawara ce.

Shi dai batun sa bakin jama'a ba sabo ba ne a takarda. A watan Satumba na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara ƙasashe a birnin Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, aka amince cewa shiga cikin tsara ayyukan lafiya haƙƙi ne na jama'a, kuma nauyi ne a kansu. A nan Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya ɗauki maganar da gaske, ya fara da ƙananan hukumomi 52 na gwaji, aka kafa kwamitocin ƙauye da na gunduma. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka yi taro a Bamako, suka fito da tsarin asusun magani mai juyawa wanda jama'ar gari za su sa ido a kansa. Daga baya aka mai da mazaɓa ta zama tushen aikin, kowace da kwamitinta na raya mazaɓa. Jihar Jigawa tana da mazaɓu 287, watau a ƙa'ida kwamitoci 287 ke nan.

Jigawa ta yi nata gwaji wanda wasu jihohi suka zo koyo. A 2007, farkon mulkin Alhaji Sule Lamido, aka kafa tsarin lafiya na Gunduma, da taimakon shirin PATHS na gwamnatin Birtaniya. Kafin nan ƙananan asibitoci suna hannun ƙananan hukumomi, manya suna hannun jiha, ma'aikatu da dama kowace tana riƙe da wani yanki, babu wanda za a kama idan abu ya lalace. Sai aka tattara su ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka raba ƙananan hukumomi 27 zuwa gundumomi 9, Haɗeja tana ɗaya daga cikinsu, kowace da majalisarta. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar aka sauya wannan tsari, aikin ƙananan asibitoci ya koma hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Gunduma ta kusantar da mai yanke hukunci daga Dutse zuwa Haɗeja, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma daga Haɗeja zuwa tungar masunta akwai sauran tafiya, kuma wannan ragowar tafiyar ita ce ake ta fama da ita.

Inda na ga an yi abin da ya dace shi ne shirin Haihuwa Lafiya. Masana sun kasa jinkirin da yake kashe mace mai naƙuda kashi uku: jinkirin yanke shawarar a kai ta asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a ƙauye suke faruwa, likita ba ya nan, ba shi da yadda zai yi da su. Saboda haka masu shirin suka shiga ƙauyuka suka zauna da maza daban, mata daban, suka tambaye su: matar nan da ta rasu bara, me ya hana a kai ta da wuri? Amsoshin ba su kasance abin da ma'aikacin ofis zai zata ba. Wata an rasa mota cikin dare. Wata an sami mota, mai motar ya tsawwala kuɗi. Wata an isa asibiti aka ce sai jini, dangi suka noƙe. Wata kuwa babu abin da ya hana sai dai mijinta ya tafi cin rani, babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fitar da matar wani daga ɗakinta.

Daga waɗannan amsoshi magunguna suka fito, kuma mutanen ne suka riƙe su. Aka kafa asusun gaggawa wanda ake tarawa kaɗan kaɗan, a ranta wa mai bukata cikin dare ba tare da jinginar da gona ba. Aka yi yarjejeniya da direbobin ƙungiyar sufuri, a kira su kowane lokaci su ɗauki mai naƙuda a kan kuɗi mai sauƙi. Aka rubuta samarin da suka yarda su ba da jini. Aka koya wa mata alamun hatsari, kamar zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, su ma suka koya wa 'yan uwansu a gidan suna da gidan biki. Sa'an nan aka roƙi magidanta su ba da izini tun da wuri, a gaban shaidu, cewa duk ranar da matsala ta taso a kai iyalinsu asibiti ko suna nan ko ba sa nan.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu mu malamai, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma babu wani malami da ya san fiƙihu da zai ce a bar mace ta mutu ana jiran saƙon miji daga Legas. Izini a irin wannan hali lalura ta riga ta bayar da shi. Amma sanin hukunci a littafi daban, ƙarfin halin ƙanin miji ko surukuwa da tsakar dare daban. Abin da izinin gaba ya yi shi ne ya ɗauke wa waɗannan bayin Allah tsoron zargi. Haka ma batun jini: malamai sun halatta bayar da shi domin ceton rai, amma sai da liman ya faɗa a masallacin garin, da bakinsa, kafin wasu samari suka miƙa hannu. Wanda yake son ya ga sakamakon jinkiri ya je babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ya ga 'yan mata ƙanana da doguwar naƙuda ta lalata wa rayuwa.

Sai dai kuma ko wannan shiri mai kyau, idan aka kawo shi fadama, tilas a sake tambaya. Motar da take ceton rai a ƙauyen tudu ba ta da amfani a tungar da ruwa ya kewaye wata biyu. A nan abin da ake bukata jirgi ne mai inji, da wanda zai tuƙa shi cikin duhu, da man da aka ajiye domin wannan kaɗai, da kuma mota mai jira a gaɓa. Ko kuma a sami ɗaki kusa da asibiti inda mace mai tsohon ciki za ta zo ta zauna kafin ruwa ya rufe hanya, da wadda za ta kula da ita, da abin da za su ci. Wanne daga ciki mutanen za su karɓa? Ba ni da ikon amsa musu, shi ma kwamishina ba shi da shi.

Mun kuma ga abin da rashin tambaya yake jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ya bazu, ba a koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta riga ta tsallaka ƙasashe. Cikin abin da talakawa suke faɗa a lokacin akwai magana mai nauyi: ana bin mu gida gida da ɗigon da ba mu nema ba, kyauta, amma idan zazzaɓi ya kama yaro babu magani a asibiti sai mun saya. Aikin bai daidaita ba sai da aka sa sarakuna a gaba, musamman bayan kafa kwamitinsu a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kuma fara haɗa rigakafin da wasu magungunan da mutane suke so. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Kurkunu ma da 'yan sa kai na ƙauye aka kore shi, har aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013.

Yanzu bari mu zo ga inda gizo yake saƙar. Sau da yawa abin da ake kira shawara sanarwa ce kawai. An riga an ba da kwangila, an zaɓi fili, an sa ranar aza tubali, sa'an nan a kira taro a hedikwatar ƙaramar hukuma, a shimfiɗa kujeru, a yi jawabai, a ce ko akwai mai tambaya. Wa zai yi tambaya a gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, bayan an gama yabon gwamnati? Kowa ya ce madalla, a rubuta a rahoto cewa jama'a sun amince. A 2025 gwamnatin Malam Umar Namadi ta zagaya ƙananan hukumomi da shirin Gwamnati da Jama'a, abin a yaba ne shugaba ya fito ya saurara, amma taron fili mai dubban mutane ba ya maye gurbin zaman mutum goma a zauren bulama.

Akwai darasi a kan wannan cikin tarihin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya nufi Sham, sai labarin annobar ya riske shi a wani wuri da ake kira Sarg. Bai tara mutane wuri guda ba. Ya kira Muhajirai na farko ya ji ta bakinsu, suka saɓa. Ya sallame su ya kira Ansar, su ma suka saɓa. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da mutane. Duk wannan kafin ya yanke hukunci ne, kuma ƙungiya ƙungiya, domin kowa ya faɗi abin da yake ransa ba tare da jin nauyin wani ba. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya ƙarfafa abin da aka zaɓa.

Idan aka bi wannan hanya a Baturiya, to mata za a fara ji, a cikin gida, ta bakin mace 'yar uwarsu, domin su ne suka fi kowa zuwa asibiti, su ne kuma suka san dalilin da ya sa wata ba ta zuwa: ko don ma'aikacin namiji ne, ko don ungozomar tana kwana a Haɗeja ba ta zuwa sai hantsi, ko don an taɓa yi mata tsawa a gaban mutane. Sai masunta, waɗanda aikinsu na dare ne da asuba, ranar kasuwa kaɗai ake samunsu. Sai Fulani makiyaya, waɗanda suke shigowa fadama da rani su fita da damina, ba sa cikin lissafin kowace mazaɓa, ga kuma tsamin da yake tsakaninsu da manoma wanda yakan hana su zama taro ɗaya. Su sai ta hannun arɗo, a ruga, da Fulatanci.

Haka al'amarin yake ga taimakon gajiyayyu. A 2007 gwamnatin Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 kowane wata, abin da ba a saba gani ba a ƙasar nan a lokacin. Masarautun jihar kuma suna da kwamitocin zakka masu tara hatsi da dabbobi su raba. Wahalar irin wannan aiki duka tana wajen rubuta sunaye. Wanda ya iya zuwa sakatariya shi ake gani. Makahon da tsargiya ko ciwon ƙoda ya haɗu masa da tsufa, da gwauruwar da take riƙe da marayu a bayan gari, da mai taɓin hankali da aka ɗaure a ɗaki, waɗannan maƙwabta ne kaɗai suka san da su, kuma mai mutunci ba ya kai kansa. Jerin sunayen da aka karanta a bainar jama'ar unguwa, kowa yana ji, ya fi wuyar cusa ɗan'uwan kansila a ciki.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce take nuna ko kwamiti na gaske ne ko na ado. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, ta ware masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Wani kaso na wannan kuɗi yana tafiya kai tsaye zuwa asusun banki na asibitin mazaɓa, kuma bisa ƙa'ida shugaban asibitin ba ya fitar da shi shi kaɗai, sai shugaban kwamitin mazaɓa ya sa hannu, bayan an zauna an tsara abin da za a yi a cikin wata uku. Wannan sa hannu amana ce, kuma shaida ce. Wanda ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko aka kawo masa ita gida da ɗan goro, ya yi shaida a kan abin da bai gani ba, hukuncin wannan kuwa sananne ne. Ina kira ga limamai da malaman da aka sa cikin waɗannan kwamitoci da kada su ɗauka an kira su ne domin buɗe taro da addu'a da rufe shi. Su nemi a karanta musu lissafi da Hausa, nawa ya shigo, nawa aka kashe, a kan me, sa'an nan a liƙa shi a ƙofar asibiti, a kuma faɗe shi bayan sallar Juma'a.

Lokacin zaman ma abin dubawa ne. Gwamnati tana haɗa kasafin kuɗinta a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da mutanen fadama suke cikin ruwa ko suna kan girbin shinkafa, babu mai sukunin taro. Saboda haka nasu zaman ya kamata a yi shi da bazara, a watan Afrilu ko Mayu, hanya tana a bushe, a rubuta tungayen da ruwa zai yanke, a ƙidaya matan da haihuwarsu za ta faɗo tsakanin Agusta da Oktoba, a kai maganin zazzaɓi da gishirin gudawa da gidan sauro can tun kafin kogi ya kawo, a san jirgin wa za a kira da lambar wayarsa. Takardar wannan zama a yi ta kwafi uku: ɗaya a hannun bulama, ɗaya a asibitin mazaɓa, ɗaya a tafi da ita Kirikasamma. Idan ruwa ya janye a watan Nuwamba a sake zama, a ɗauko ta bulama a karanta, a ga abin da aka cika da abin da ba a cika ba, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki.